Faifan da Mai Gyara Ya Goge

Da la'asar sakaliya Mai Gyara ya shigo gida riƙe da 'yar na'urar karanta faifan fulofi, irin mai igiyar USB, wadda ya tsinto a wurin 'yan gwangwan masu sayar da tsofaffin ƙarafa. Shekara shida ke nan tsohuwar kwamfutar marigayiya matarsa ta ƙi tashi, kuma a cikinta kaɗai muryarta ta rage, tana yi wa 'yarsu tilo waƙar reno. Faifan tayarwa ne kawai zai farkar da ita.

Da ya jona na'urar a sabuwar kwamfutarsa, sai ya tarar da wani tsohon faifai a ciki, duk yanar gizo-gizo. Ya ce shi zai mayar faifan tayarwa. Bawan Allah, ko ya duba abin da ke kai! Allo ya tambaye shi ko ya tabbata zai goge komai, ya danna e. Na'urar ta yi ƙugi, ta zuba fayilolin tayarwa, ta yi tsit.

Ana kiran magariba tsakuwa ta fara sauka a kan rufin kwano. 'Yar tasa ta yanke jiki ta faɗi a bakin ƙofa, haƙoranta na ƙas-ƙas. Kwana uku ba ci ba sha. Hankalin uban ya tashi matuƙa, ya ɗauko Malam mai ruƙiyya.

Malam ya daɗe yana karatu kafin wata muryar tsoho ta fito daga bakinta.

"Shekara ashirin muna cikin faifan nan, ni da iyalina. Ya rushe mana gida. Kuma sai da aka tambaye shi."

"Wallahi ban sani ba!" in ji Mai Gyara.

"Ka ji tsoron Allah, ka fita," in ji Malam.

"In je ina? A ba mu waccan tsohuwar kwamfutar mai ƙura mu zauna. Kada a ƙara kunna ta har abada."

Mai Gyara ya durƙusa, riƙe da faifan. "Don Allah, bari in ji muryar matata sau ɗaya tak."

"Ko sau ɗaya."

Ya dubi Malam, Malam ya sunkuyar da kai. Sai Mai Gyara ya runtse ido ya karya faifan gida biyu.

Yarinyar ta yi atishawa uku, ta buɗe ido a galabaice.

"Baba, ka gama? Yau za mu ji Umma?"

Ya rungume ta, hawaye na zuba.

"Ba ta gyaruwa, 'yata."