Iyakata Shumaisi

"Kabira, maimaita abin da kika ce!"

Ludayin ya suɓuce daga hannuna ya nutse cikin tukunyar kunu.

Kabira, 'yar unguwarmu, ta gyara abayarta, ta yi wani murmushi mai ƙona rai.

"Au, ba ki sani ba? An sa ranarmu da Muttaka. Yana dawowa daga Bahrain za a ɗaura."

Matan unguwarmu ta Tandabawi sun cika gidanmu ana girkin walimar rakiyarsa, amma ko ɗaya ba ta ɗago kai ba. A nan na gane ni kaɗai ce ban san zancen ba.

Muttaka fa! Muttakana, mai tura keken tsofaffi a Harami tsakanin Safa da Marwa. Ranar da ya ce zai shiga gasar nan ta iyo a teku, da tseren keke, da gudu mai nisa duk a wuni guda a can Bahrain, dariya aka yi masa. Ni na bi gida-gida ina lallashi har unguwa ta rungume shi. Abokan turinsa suka haɗa masa keken tsere, Inna Yalwa ta ɗauki nauyin furarsa. In ba lokacin Hajji ba titunan Muzdalifa fayau suke, bayan Asuba sai mu bi shi a tsohuwar motar Kawu Hadi, ina miƙa masa ruwa da dabino ta taga.

"Nuriyya, habibti," yakan ce yana haki, "ba don ke ba da tuni na ajiye."

Saura iyo. Makka babu teku, sai Jidda, a hanya kuma akwai shingen Shumaisi inda ake duba iƙama, wato takardar izinin zama. A Makka aka haife ni, amma ba ni da ko fallen takarda. Kabira tana da ita, babanta kuma yana da lafiyayyiyar mota. Ni da bakina na roƙe su su riƙa kai shi.

Ni da bakina, wallahi!

Ranar girkin nan a bakin ƙofa na tare Muttaka, ya dawo daga gudu gumi sharkaf.

"Gaskiya ne?"

Ya sunkuyar da kai.

"Hajiyata ce, Nuriyya... Ta ce ba za ta ga jikokinta suna ɓuya duk sanda motar 'yan sanda ta gifta ba."

"Kai kuma me ka ce mata?"

Ya share gumin goshinsa.

"Na so in faɗa miki bayan gasar, habibti..."

"Kada ka sake kirana da sunan nan! Bayan gasa? Don kada kununka ya yanke ko?"

Na juya na faɗa ɗaki. Umma na zaune tana tsince shinkafa.

"Umma... ke ma kin sani?"

"Dattawa suka ce a yi shiru, kada hankalin yaron ya rabu. Kowa ya zuba ƙarfinsa a kansa, 'yar nan. Ɗan unguwa ne duka."

"Ni kuma 'yar wace unguwa ce, Umma?"

Ta buɗe baki, sai hawaye.

Ya tafi. Har shingen Shumaisi aka raka shi, masu takarda suka wuce Jidda, irinmu muka tsaya a bakin layi muna ɗaga hannu.

Ranar gasar unguwa ta taru a kan wayar Kawu Hadi ana kallonsa. Ya fito daga ruwa, aka yi kabbara. Ya sauka daga keke, Inna Yalwa ta fashe da kuka. Na rantse ba zan leƙa ba, amma zuciya ba ta da kunya, sai ga ni ina masa addu'a kamar kullum.

Rana na shirin faɗuwa ya tsallake layin ƙarshe yana tangaɗi.

"Ya gama! Ɗanmu ya gama!"

Mata suka rungume Kabira suna kiranta amaryar gwarzo. Inna Yalwa ta waigo tana share ido.

"Nuriyya, ke ce mai murya, rangaɗa mana guɗa!"

Na rangaɗa.

Na ja ta har maƙogwarona ya dishe, kowa na tafi yana cewa bai taɓa jin mai daɗinta ba. Umma ce kaɗai ta toshe kunnuwanta ta shige ɗaki.