Ƙaiƙayi a Ƙeyar Kefas

"Juya mini bayanka."

Kefas ya tsaya da kofin kunu a hannu, ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba.

"Haba Dinah tawa, bayana kuma? Me ya yi miki?"

"Na ce ka juya!"

Ya juya. Ta kai yatsa ƙeyarsa ta tsinto abin, ta ɗora a tafin hannu ta miƙa masa har gaban hanci. Ƙaiƙayin shinkafa ne, ƙwaya uku.

"Daga gona ne..." in ji shi.

"Gonar wa? Dawa Baba ya shuka, ko kai ba ta fitar ba. Shinkafa ta tsiro a ciki ban sani ba?"

Ya kafa wa kunun ido kamar amsar tana ƙasan kofi. Wannan shi ne karo na uku, kuma Dinah akwai ido! A duk unguwarsu gida ɗaya ne ke da injin casar shinkafa, gidan Monica, wadda mijinta soja ya rasu a bakin aiki ta dawo Zuru daga barikin Kaduna da yara biyu, da wata irin tafiya da ke sa maza gyara hula.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne wurin da ƙaiƙayin yake. Da a ƙafa ne ko a hannu, sai ta ce buhu ya ɗaukar wa wani. Amma ƙeya? Sai wanda ya kwanta rigingine. Kefas kuwa ɗan kokawa ne, shekara biyar a jere yana shiga fili ranar bikin Uhola, bayansa bai taɓa shafar ƙasa ba. Da wannan Baba Solomon, mahaifinta, tsohon saje, yake cika baki a duk inda ya zauna. Damina shida ke nan Kefas yana yin golmo, noman da saurayi ke yi wa uban yarinya kafin a ba shi ita, wannan ce ta ƙarshe. An riga an sa bikin bayan Kirsimeti.

"In akwai abin da kake ɓoye mini, ka faɗa yanzu," ta ce.

Ya miƙo hannu zai kama nata don lallashi. Ta fizge da sauri har kunun ya fantsama masa a wando.

Ba ta yi da gangan ba. Tun watan Afrilu take haka, tun ranar da wani ɗan kabu-kabu ya ɗauko ta daga kasuwar Ribah ya karkata da ita cikin daji, ya damƙe mata wuyan hannu yana ja. Allah ne ya kawo wasu manoma ya gudu. Kefas kaɗai ta faɗa wa, ta kuma sa shi ya yi alkawarin Baba ba zai ji ba. Daga ranar ba ta sake taka Ribah ba, atamfofin da take kaiwa suna nan jibge a akwati, ta ce wa mutanen gida kasuwa ce ta mutu.

"Yi haƙuri," ya ce a hankali. "Na manta."

Ya tashi ya tafi bai ƙarasa kunun ba, ita kuma ta bi ƙeyarsa da kallo har ya sha kwana.

Ranar Lahadi bayan sujada, Gladys ta tare ta a bakin coci. Gladys 'yar ƙungiyar mawaƙa ce, kuma kowa ya san tun suna sakandare take yi wa Kefas wani kallo. Ta ja ta gefe, ta yi ƙasa da murya irin ta masu jaje.

"Ƙawata, ba na son gulma, kin sani."

"To kar ki yi."

"Ai dole ce ta sa. Talata da Alhamis, da la'asar, kin san inda angon naki yake? Sai dai ki ji Monica ta kashe inji, ta ja ƙyauren langa-langa ta rufe. Awa biyu cur! In ya fito yana dafe da ƙugu."

"Ke kika ƙirga awannin?"

"Ni dai na faɗa miki saboda Allah. Damina shida ba wasa ba, amma gara ki sani tun kafin a ɗinka farar riga."

Dinah ta yi murmushi ta wuce kamar ba komai, amma tana isa gida ta faɗa ɗaki ta yi kuka mai isarta. Wayyo, kishi bai yi ba! Ta ɗauki 'yar Nokia ɗinta ta rubuta wa Kefas saƙo sau huɗu tana gogewa. Can ta tuna ashe ba tun yau ba ne: ranar da ya kasa ɗaga fartanya da hannun hagu ya ce barci ya yi a kai, ranar da ta ga shatin farce a damtsensa ya ce ƙaya ce. Ita kuma sokuwa ta yarda, har da shafa masa man zafi.

Ta yanke shawara. In ta gani da idonta, zoben alkawarinsa za ta ajiye masa a nan, Baba ya yi duk faɗan da zai yi.

Talata da la'asar ta yafa gyale ta nufi gidan Monica. Injin shiru, ƙyaure a rufe, ga takalmin robarsa a bakin ƙofa, wanda ita da kanta ta saya masa. Ta kasa kunne. Sai ta ji wani abu ya faɗi tim, ƙasa ta amsa, sai ga shewar mata.

Mata? Ba mace ɗaya ba?

Ta sa kafaɗa ta banke ƙyauren.

Tsakar gidan an shimfiɗe shi da ƙaiƙayin shinkafa mai kauri, an rufa tsoffin buhuna a kai. Mata bakwai ne tsaye, duk sun sa wando a ƙarƙashin zani sun ɗaure ƙugu. A tsakiya kuwa ga gwarzon Uhola kwance rigingine, ƙafafu a sama, Mama Hannah mai ƙosai, wadda ta haura hamsin, tana tsaye a kansa tana haki tana gyara ɗankwali.

"Na kayar da shi! Monica, kin gani? Yau ni kaɗai na kayar da shi!"

Duk idanu suka koma ƙofa. Kefas ya tashi zaune, fuskar nan kamar an kama shi da hannu a tukunyar miya.

"Dinah..."

"Mene ne wannan?"

Monica ce ta matso, tana karkaɗe hannu. Ba ta ko ji kunya ba.

"Shigo ki rufe mana ƙofa, ƙanwata. Judo ne, a bariki na koya, shekara tara ina yi. Waɗannan duk masu bin kasuwannin ƙauye ne, Ribah, Dirin Daji, Manga, kowacce da abin da ta gani a hanya. Ina koya musu yadda za su ƙwaci kansu in an kama su."

"Shi kuma fa?"

"Shi ya zo ya roƙe ni in fara. Na ce masa ba na koyar da wasan yara. Mace in ta saba kayar da 'yar'uwarta mace, ranar da ƙato ya riƙe ta sandarewa za ta yi. Sai an samu namiji mai ƙarfi wanda zai riƙe da gaske, a yi ta buga shi da ƙasa. Na ce ya nemo mini. Ya zaga garin nan kaf, wa zai yarda? Sai ya kawo kansa."

Dinah ta dubi Kefas. Ya sunkuyar da kai yana tsintar ƙaiƙayi a gwiwa.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba? Ka bar ni ina ta zarginka, ina kwana da ciwo a rai!"

"Kunya," ya ce. "Kin san abin da Baba yake faɗa a kaina. Kuma na so sai abin ya kankama in kawo ki, don na san in na ce ki zo tun farko ba za ki zo ba." Ya ɗago. "Ranar nan ba na wurin, Dinah. Duk kokawar da na iya ba ta amfane ki da komai ba, ina gona ina huɗa. Kuma gobe ma ba kullum zan kasance ba. Ko hannunki ba na iya riƙewa yanzu, masoyiyata, kin san yadda abin yake yi mini?"

Hawaye suka zubo mata. Ta ji haushinsa, ta ji tausayinsa, ta ji kunyar kanta, duk a lokaci guda.

"Kuka ba ya cikin darasi," in ji Monica. "Ba ta wando, Hannah."

Ranar farko da Kefas ya kama wuyan hannun Dinah, ihu ta yi ta durƙushe. Monica ba ta lallashe ta ba, cewa ta yi ta tashi. Ki murɗa ta wajen babban yatsansa, nan ne ƙofar. Ki shiga jikinsa, kar ki ja baya. Ki juya, ki sa ƙugu. A mako na uku Dinah ta ji ƙaton nan ya tashi sama ta kan ƙugunta kamar buhun gero, ya sauka tim. Ta tsaya tana kallon hannayenta.

To, Gladys dai ba ta yi barci ba. Da ta ga zobe bai fita ba, sai ta hau turmi ta leƙa ta katanga, abin da ta gani kuma ta kai shi inda ya fi ciwo. Kafin Asabar labari ya gama gari: mai ƙosai tana buga surukin Saje da ƙasa.

Baba Solomon ya sa aka kira su. Yana zaune a kujerar ƙarfe a gindin mangwaro, sandarsa a kan cinya, ko gaisuwar Kefas bai amsa ba.

"Gaskiya ne abin da nake ji?"

"Gaskiya ne, Baba."

"Mata suna kayar da kai?"

"Talata da Alhamis, Baba."

"Ji shi! Har da ranaku!" Ya buga sanda a ƙasa. "Jiya na je karɓar fansho, abokaina suna tambayata ko ƙosai ake ba ka lada. Ni Solomon! Namiji na ce zan ba 'yata, wanda zai tsare ta. Ka ɗauki fartanyarka, sauran noman na yafe maka wahalarsa, amma maganar aure babu ita."

Kefas bai buɗe baki ba. Dinah ta gane alkawarin da ya yi mata yake riƙewa, zai rasa damina shida da ita kanta, amma ba zai tona ba. Sai ta durƙusa.

"Baba, ba kasuwa ce ta mutu ba."

Ta faɗa masa duka, ɗan kabu-kabun, dajin, manoman. Tana magana fuskar tsohon tana sauyawa, har sandar ta zame daga cinyarsa bai ɗauka ba.

"Wata huɗu? A gidana, ban sani ba?"

"Na ji tsoron za ka hana ni fita har abada." Ta miƙe ta ɗaure gyalenta a ƙugu. "Kefas, kama ni."

"A nan? Babu ƙaiƙayi fa..."

"Kama ni, da ƙarfi!"

Ya damƙi wuyan hannunta. Ta murɗa, ta shiga, ta juya. Bayan da bai taɓa shafar ƙasa ba a filin Uhola ya sauka a kan tsandaurin tsakar gidan Saje, har kaji suka watse.

Tsohon ya tashi da ƙyar, ya zagaya su yana ɗingishi.

"Ƙafarki ta hagu ta yi nisa," ya ce. "Matso da ita. In ya fi wannan nauyi tare za ku faɗi." Ya share ido da bayan hannu, ya yi kamar ƙura ce. "Shekara ashirin da biyu ina koya wa 'ya'yan wasu faɗa a bariki. Tawa 'yar ko sau ɗaya ban nuna mata ba."

Ya miƙa wa Kefas hannu ya tashe shi.

"Ranar Litinin akwai sauran huɗa a gonar gabas. Kar ka makara, ɗana."

An yi bikin kwana uku bayan Kirsimeti, Mama Hannah ce ta soya ƙosan, Gladys kuma ta ce mura take yi ba ta iya waƙa ba. Amma tun kafin nan, ranar wata kasuwar Ribah, Dinah ta ɗaure atamfofinta a bayan kabu-kabu. Kefas ya rako ta bakin titi, yana ta kame-kame ko ya bi ta.

"Koma gona," ta ce. "Juya mini bayanka tukuna."

Ya juya. Ta tsince ƙaiƙayin da ke ƙeyarsa ɗaya bayan ɗaya, ta hure shi, sannan ta hau babur ɗin ita kaɗai.