Ranar da Teku Ya Ja da Baya

A wani gari na bakin teku an yi wani makwaɗaici da ba ya ƙoshi da kifi. Ran nan ƙasa ta girgiza, teku ya ja da baya, ya bar kifi birjik a kan yashi.

Wata tsohuwa ta ce, "Ku hau tudu! Ƙasan teku ne ya motsa, zai turo ruwa. Ja da baya ga rago ba gudu ba ne!"

Kowa ya hau, ban da makwaɗaicin. Yana cusa kifi a wando yana cewa, "Bari in ƙara ɗaya, Iya. Bari in ƙara ɗaya."

Ruwa ya dawo da ƙarfi, ya rataye shi a bishiyar kwakwa. Teku ya karɓe kifinsa, ya haɗa da wandon.

Tsohuwa ta leƙo ta ce, "Ɗan nan, ko za ka ƙara ɗaya?"