Ɓarawon da Ya Ninke Mayafi

Ƙarfe takwas na safiyar Litinin shugabar makarantar sakandare ta bugo wa Sufeton 'yan sanda waya tana haki: an sace na'urar duba ƙwayoyin cuta daga ɗakin gwaje-gwaje.

Kafin ya iso, har an tsare Baba maigadi a ofis. Saura wata biyu tsohon ya yi ritaya, yanzu ga kora ga ɗauri suna jiransa. Abin tausayi, sai gumi yake sharcewa.

Malamin kimiyya ya tarbi Sufeto da gudu. "Yallaɓai, gungu ne guda. Ga tsani, ga rodin taga sun yanke, ga sawun takalma iri uku. Dole da haɗin bakin maigadi."

Saje, mataimakin Sufeto, har ya cika shafi huɗu da zane-zane, yana rawar jiki a kawo karnuka. Shi kuwa Sufeto, Allah bai ɗora masa son dogon bayani ba. Rula ya ara, ya auna inda aka yanke rodin.

"Hajiya, girman na'urar fa?"

Shugaba ta ware hannuwa.

"To nan ko kyanwa sai ta tsuke ciki. Ta ƙofa ta fita."

Suka shiga ɗakin. Kan teburin da na'urar take, ga mayafin da ake rufe ta da shi an ninke shi tsaf. Idanun Sufeto suka kawo haske, ya tafa hannu don murna.

"Saje, ka taɓa ganin ɓarawon da ya tsaya ninke mayafi?"

"Ƙila ƙwararru ne, yallaɓai, suna so su ɓatar da mu..."

"Rufe littafin nan. Hajiya, wa ke da makulli?"

"Ni da Malam."

"Malam, yaushe rabonka da ɗakin nan?"

"Tun Alhamis."

Suka koma ofis, inda Baba yake tsare. Sufeto ya ce, "Baba, Asabar wa ka buɗe wa ƙofar makaranta?"

"Malam ne, ranka ya daɗe. Ya ce gyaran takardu zai yi, ya aike ni cefane."

Nan da nan asirin Malam ya tonu. Ya zauna daɓas.

"Suɓuce mini ta yi ranar Juma'a, gilashinta ya tsage. Kunya ta hana ni faɗa. Tana bayan motata."

Yini guda bawan Allah ya yi yana yankan rodi da canza takalma, don gudun magana ɗaya.

Shugaba ta jawo durowarta, ta fiddo wani ɗan kwali. Ta buɗe shi a gaban Malam cikin takaici.

"Malam, irin gilashin nan guda biyu ne a nan. Minti biyar ake sa shi."

Saje ya saka wa Malam ankwa, aka nufi mota da shi. Da suka iso bakin makaranta sai suka tarar ƙofa a rufe, don mai buɗe ta yana tsare.

Sufeto da kansa ya koma ofis ya kamo hannun tsohon. "Baba, zo ka koma bakin aikinka."

Baba ya gyara hularsa, ya zare sakata, ya wangale ƙofar gaba ɗaya. Malam bai iya ɗaga kai ya dube shi ba.