Wa Ke Taɓa Saitin Auta?

Ranar da Dogo ya fara aiki a ofishin, a teburin Auta ya tsaya, wai aron caja yake nema. Ta miƙa masa ko ɗagowa ba ta yi ba. Shi kuwa kallo ɗaya ya tafi da imaninsa.

Auta ce ke kula da log, wato bayanin da manhajar kamfanin ke rubutawa kan aikinta. A fayil ɗin saiti ta saita manhajar ta riƙa rubuta kurakurai kawai. Sai ga manhaja ta zama aku, komai ta yi sai ta rubuta, har kwamfuta ta cika ta tsaya. Manaja ya ce ko ta gyara ko ta nemi wani aikin.

Kullum Dogo sai ya jawo kujera, wai yana taya ta dubawa. A haka suka shaƙu, har ya koma kiran ta Zuciyata.

Da tura ta kai bango, ta daina yarda da fayil. Ta rubuta 'yan layukan umarni da ke tambayar sashen manhajar mai rubuta log ɗin kai tsaye, manhajar na cikin aiki: wane saiti ake bi yanzu, kuma daga ina? Ashe daga kwamfutar Dogo ake sauya shi kowace safiya.

Ta tura masa saƙo: "Kai ne? Aikina fa!"

"Ni ne, Zuciyata. Ban san wata hanyar zama kusa da ke ba."

"Sannu ma ai ta isa, ɗan rainin hankali."

Kafin ta yanke shawarar kai ƙararsa, ya je da kansa ya faɗa wa manaja gaskiya. Aka sallame shi, aka bar ta.

Da Dogo ya zo neman aurenta, Baban Auta ya ce atafau ba zai ba marar aiki kuma marar wayo 'yarsa ba, ga ɗan amininsa likita yana jira. Auta ta sha haushinta ta ƙoshi, sannan ta durƙusa gabansa.

"Baba, wauta kam ya yi. Amma ba ni na kai ƙararsa ba, shi ya kai kansa don kar a kore ni."

Dogo na samun wani aikin aka ɗaura aure. Baba ya sa musu albarka, sannan ya riƙe hannun ango.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya. In kana son magana da ita ka buɗe baki, kar ka je ka lalata mata firji."

Amin ɗin Auta ya fi na kowa ƙarfi.