Baƙon Bakin Ƙofa

A zauren cocin ƙauyensu da ke tsibirin Vava'u Manase ya fara ganin Heilala, tana zuba wa maza jiƙon saiwar kava, abin shan hirarsu, a ƙoƙon kwakwa. Ya kafe ta da ido har ya zubar da nasa a tabarmar adon da ya ɗaura a ƙugu.

"Ostiraliya ta koya maka tsinkar lemu, ba ta koya maka riƙe ƙoƙo ba," in ji ta.

Heilala ba don samari take zaman ba. 'Yar ƙungiyar matasa ce masu faɗakarwa kan ƙanjamau, ta kuma lura nan kaɗai 'yan cirani ke sakin baki. Tana zubawa tana sako zancen gwaji da kwaroron roba. Dattawa suka ce cutar ba ta tsibirinsu ba ce. Manase ne ya fara zuwa gwajin, so ne ko hankali, oho. Kafin damina har an fara maganar aure.

Sai tsautsayi ya gifta. Wani baƙo ya zauna bakin ƙofa, ba ta tambayi asalinsa ba, ta yi bayaninta tiryan-tiryan. Ashe Lopeti ne, jikan ƙanen kakanta, wato ɗan'uwanta, wanda a al'adarsu ko wasan banza haramun ne ta yi a gabansa. Ya tashi ya fita. Washegari gari ya ɗauka.

Gwaggo Seini, yayar mahaifin Manase, wadda ba a ƙetare maganarta, ta ce ba za ta shimfiɗa tabarmar aure wa marar kunya ba.

Heilala ta yi kuka har ta gode Allah. Saƙon Manase ya shigo: "Furena, ki ci abinci. Na tsinko ganyen ifi na mutum biyu. Tare za mu durƙusa."

Suka rataya ganyen neman gafara a wuya, suka zube gaban dangi. Gwaggo ta ce sharaɗi ɗaya ne: Heilala ta bar wannan zance har abada.

Heilala ta ce, "Gwaggo, na yi kuskuren wuri, ku yafe mini. Amma ban yi kuskuren magana ba."

Lopeti ya ce yana da ta cewa, sai dai ba a gaban 'yar'uwarsa ba. Aka fitar da ita.

Ta daɗe a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, ta riga ta sallama Manase a ranta. Can Gwaggo ta fito, idanunta jajur, ta cire mata ganyen da hannunta.

"Maganarki ta kai Lopeti gwaji, aka same shi da cutar, an kuma tari matarsa da cikinta da wuri. Ya tsaya a kunnenki, 'yata."

Ranar biki Gwaggo ta shimfiɗa tabarmarta mafi daraja, ta sa musu albarka. Yanzu duk ranar kava Gwaggon tana zaune bakin ƙofar zauren, ba baƙon da ke shiga sai ya faɗi sunan kakansa, kafin Heilala ta fara bayaninta.