Harawar Malam Dabo

Ranar da Zaharaddini ya fara zuwa shagon ɗinkin Aina'u, a wani ƙauye kusa da Tofa, wata aba ce a hammatarsa mai kama da gwanda. Ya ce ƙwallo ce. Ta dubi abar, ta dube shi, dariya ta ƙwace mata.

Bai ji haushi ba. Ya ce ƙwallon Amurka ce, a Kano ya koyo, da hannu ake jefa ta. Irin wadda yake koya wa samarin garin ba a kayar da kowa, ƙyalle ake ratayawa a ƙugu, in an fizge naka sai ka tsaya. Ɗamara ashirin yake so ta ɗinka. Aikin kwana biyu Aina'u ta ja shi mako uku, shi kuma ko sau ɗaya bai yi ƙorafi ba.

Ya rubuto mata: "Tauraruwata, gobe ma zan zo duba ɗinki. Don Allah kada ki gama."

Ta mayar masa: "Mai gwanda, kwantar da hankalinka, kekena ba ya sauri."

Sai dai a yankin nan gona na jingine da gona, filin wasa sai ɗan na firamare. Wata Laraba ƙwallo ta tsallake ta faɗa gonar Malam Dabo, mahaifin Aina'u. Samari suka bi ta a guje, suka tattake wake yana tsakiyar fure.

Malam Dabo bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi wanda ya taka abinci saboda wasa ba zai riƙe masa 'ya ba, kada ya sake ganin Zaharaddini a ƙofar gidansa.

Aina'u ta sha kuka. Tana son Zaharaddini har cikin ranta, amma ita ma ta ji zafin waken. Saƙonninsa suka yi ta shigowa, ta ƙi amsa ko ɗaya har kaka ta yi nisa. Sannan ta rubuta: "Baba ba ya jin haƙurin fatar baki. Ranar Asabar zai tattara harawa, kuma bayansa na ciwo."

Asabar da hantsi Zaharaddini da samarinsa ashirin suka yi sallama a bakin gona. Dattijon bai ce su shigo ba, bai kuma kore su ba. Suka naɗe ganyen waken dami-dami. Da aka zo ɗora harawar a kan bishiya don kada awaki su ci, Zaharaddini ya ja da baya taku uku, ya riƙa cilla dami ɗaya bayan ɗaya, na sama yana cafewa. Ko ɗaya bai faɗo ba. Aikin kwana huɗu ya ƙare kafin la'asar.

Aina'u ta kawo fura. Mahaifinta ya daɗe yana kallon bishiyar, sannan ya kira Zaharaddini.

"Gonar nan na ba ku aro ku yi wasanku da rani. Ruwan farko na sauka ka dawo min da abata." Ya kurɓi fura. "Aina'u kuwa ba aro ba ce. Ka turo magabatanka."

Aka ɗaura aure bayan ƙaramar Sallah, ranar wata Juma'a. Da za a kai amarya, Malam Dabo ya dafa kanta, ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka. Aina'u ta amsa da amin cikin mayafi, tana kuka tana murmushi.